Gano Matsalar Keɓaɓɓen Muhalli Yayin Harhaɗa Manajan Fakiti Daga Tushe

Wanda ya taɓa ɗauko lambar tushe ta manajan fakiti, wato manhajar da ke girka sauran manhajoji a tsari, irin su Nix, ko Guix, ko pacman, ko apt, don ya harhaɗa da kansa, ya san wannan yanayi. A kan na'urarka kai tsaye komai yana tafiya lami lafiya. Da zarar ka sa ginin cikin keɓaɓɓen muhalli (sandbox), inda babu intanet, babu fayilolinka, babu `/usr` na tsarinka, sai ya tsaya cak da saƙon kuskure marar kan gado. Shawarar da aka fi saurin bayarwa ita ce a kashe killacewar a huta. Ni dai ban goyi bayan wannan ba. Mafi yawan lokuta muhallin gaskiya yake faɗa maka: ginin yana ɗaukar wani abu daga na'urarka a ɓoye, abin da ba a rubuta shi cikin jerin buƙatunsa ba. In ka kashe killacewar, matsalar tana nan, ka dai tura ta ne ga mutum na gaba da zai gwada ginin a tasa na'urar.

Manajan fakiti kuma ya fi sauran manhajoji wuyar sha'ani ta fuska biyu. Shi kansa mai killace gini ne, saboda haka gwaje-gwajensa sukan so su kafa shinge a cikin shingen da aka riga aka sa su. Sannan shi ke riƙe da rumbun bayanan duk abin da aka girka a tsarinka, don haka kuskure wajen gwada sabon da ka gina yana iya taɓa na'urar gaba ɗaya.

## Mataki na 1: Gano inda aka tsaya

Kafin ka taɓa komai, ka tantance ko ɗaya daga cikin abubuwa uku ne ya faru: muhallin ne bai kafu ba sam, ko ya kafu amma ginin ya rasa wani abu a ciki, ko kuwa an gama harhaɗawa gwaje-gwaje ne suka faɗi. Maganin kowanne daban ne, kuma yawancin lokacin da mutane ke ɓatawa yana tafiya ne wajen neman maganin na biyu alhali ciwon na farko ne.

Log ne zai gaya maka. A Nix ka ƙara `-L` ga `nix build` don ka ga komai yana gudana, ko ka karanta daga baya da `nix log`. A Guix akwai `guix build --log-file`. Kayan aikin mock na Fedora ya sauƙaƙa wannan rarrabewa, domin yana ajiye `root.log` don abin da ya shafi kafa muhallin, da `build.log` don ginin kansa. In `build.log` babu komai a ciki, kada ka ɓata lokaci a kan lambar tushe.

Kuskuren farko za ka nema, na ƙarshe ba shi da amfani sosai. Idan ana gini da ayyuka da yawa a lokaci guda, layin da ya kashe ginin yakan nutse can sama, abin da ke ƙasa kawai `make` ne ko `ninja` ke sanar da cewa ya daina. Ka sake gudanarwa da `-j1` don saƙonni su jeru. In kuwa a matakin daidaitawa aka tsaya, abin da tamina ta nuna taƙaitawa ce kawai. Cikakken dalili yana cikin `config.log` ga masu amfani da autotools, ko `meson-logs/meson-log.txt` ga masu Meson. A can za ka ga ainihin umarnin da aka gwada da amsar da ya bayar.

## Mataki na 2: Idan muhallin ne bai kafu ba

A Linux, killacewar tana dogara ne da wata dama ta kernel, wato zuciyar tsarin, mai suna namespace, wadda ke ba wani aiki nasa kallon na fayiloli, da hanyar sadarwa, da jerin ayyuka, da masu amfani, daban da na sauran tsarin. Saƙonni irin su `Operation not permitted` tare da kalmar `clone`, ko `unshare`, ko `mount`, alama ce cewa an hana wannan dama. Ka gwada ba tare da manajan fakitin ba:

```
unshare --user --map-root-user --mount --net --pid --fork true
echo $?
```

In ya ba da 0, kernel ya yarda. In ya ƙi, ka duba waɗannan:

```
sysctl user.max_user_namespaces
sysctl kernel.unprivileged_userns_clone
sysctl kernel.apparmor_restrict_unprivileged_userns
```

Na farkon in sifili ne, an rufe ƙofar baki ɗaya. Na biyun ba kowane kernel ke da shi ba, na Debian da wasu kaɗan ne, kuma tsofaffin sigogin Debian kafin 11 suna zuwa da shi a kashe. Na ukun shi ya fi kama mutane a yanzu. Ubuntu 24.04 tana amfani da tsarin tsaro na AppArmor wajen taƙaita wannan dama ga manhajojin da ba su da izini na musamman, shi ya sa `guix shell --container` ko girkin Nix na mutum ɗaya yakan ƙi aiki a can. Ana iya mayar da wannan ƙima sifili na ɗan lokaci don a tabbatar ita ce sanadi, amma gyara na dindindin shi ne a rubuta wa manhajar ƙa'idar AppArmor da ta ba ta izinin `userns` ita kaɗai. An sa takunkumin ne saboda an sha samun ramukan tsaro ta wannan hanya, bai kamata a cire shi ga dukkan tsarin don gini ɗaya ba.

Ka lura da wani bambanci. Idan `nix-daemon` ko `guix-daemon`, wato daemon, manhajar bayan fage da ke yi maka ginin, yana gudana a matsayin root, wannan takunkumi bai shafe shi ba, domin yana da iko. Wanda abin ya shafa shi ne duk aikin da kai kake gudanarwa da asusunka na yau da kullum. Saboda haka yana yiwuwa ginin fakitoci yana tafiya daidai amma shiga kwantena, wato keɓaɓɓen muhallin da ka buɗe da kanka, ya ƙi.

Idan cikin kwantenar Docker kake, to shinge ne a kan shinge tun daga farko. Tsarin seccomp, mai tace kiraye-kirayen da manhaja ke yi wa kernel, da Docker ke zuwa da shi yana hana kiran da ake buƙata don kafa sabon namespace, sai an ba kwantenar ƙarin iko. Mutane sukan sa `--privileged`, kuma yana aiki, amma ka sani cewa da shi kwantenar ta daina zama kariya. A na'urar gwaji da za a zubar ba laifi. A na'urar da ke ɗauke da aikin wasu, gara ka tayar da na'ura ta kama-da-wane (virtual machine) ka yi ginin a can.

Akwai wani tarko a Nix da ya kamata kowa ya sani. Zaɓin `sandbox-fallback` a kunne yake zuwa, ma'ana idan kernel bai ba da damar killacewa ba, Nix zai ci gaba da gini a buɗe. Sai ka ɗauka ginin ya tsallake keɓaɓɓen muhalli, alhali bai taɓa shiga ba. Lokacin bincike ka sa `sandbox-fallback = false` a `nix.conf` don ya faɗi a fili.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Nix yana buƙatar rukunin `nixbld` da asusun gini a cikinsa, Guix kuma `guixbuild`. Yanayin unshare na sbuild, kayan ginin Debian, yana buƙatar layinka a `/etc/subuid` da `/etc/subgid`, da kuma `newuidmap`. Shi kuwa mock yana so ka kasance cikin rukunin `mock`, kuma bayan an ƙara ka sai ka fita ka sake shiga kafin ya kama.

## Mataki na 3: Riƙe ginin da ya faɗi, ka shiga ciki

Kada ka yi ta sake gini daga farko kana canza abu ɗaya ɗaya da fatan dace. Ka sa a bar maka kundin da ya faɗi. A Nix da Guix duka `--keep-failed` ne, ko `-K` a taƙaice, kuma za su buga maka inda aka ajiye shi. A cikin na Nix akwai fayil `env-vars`, a na Guix `environment-variables`, masu ɗauke da ainihin ƙimomin muhallin da ginin ya gani. Wannan fayil kaɗai yakan warware matsala idan ka kwatanta shi da naka:

```
env | sort > /tmp/nawa
```

Ka dubi `PATH`, da `PKG_CONFIG_PATH`, da `HOME`, da `LANG` a ɓangarorin biyu.

Sai dai shiga kundin da karanta fayil ɗin bai mayar da kai cikin shinge ba. Har yanzu kana da intanet, kana ganin `/usr/bin`. Haka ma `nix develop` da `nix-shell --pure`: suna tsara maka kayan aiki, na biyun yana share ƙimomin muhallinka, amma ba sa ɓoye fayilolin tsarin. Mutane da yawa sukan ce ai ya ginu a `nix develop`, me ya sa ya ƙi a `nix build`? Amsar ke nan.

Don ka kusanci ainihin yanayin, Guix yana da hanya mai kyau: ka shiga kundin da aka ajiye a `/tmp`, ka buɗe `guix shell --no-grafts -C -D` da sunan fakitin tare da `strace` da `gdb`, ka karanta fayil ɗin ƙimomin, sannan ka goge `/bin/sh` na cikin kwantenar, domin ainihin muhallin ginin Guix ba shi da shi. A Nix, ƙara `breakpointHook` cikin `nativeBuildInputs` yana sa ginin ya dakata a inda ya faɗi, ya kuma nuna maka umarnin da za ka shiga da shi. A mock `--shell` ne. A Arch `arch-nspawn` zai shigar da kai cikin kwafin da `makechrootpkg` ya yi aiki a kai. In ba ka da ko ɗaya, `unshare -rn` zai yanke maka intanet aƙalla, kuma wannan kaɗai yana fallasa kaso mai yawa na matsalolin.

## Mataki na 4: Intanet

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙa'idar keɓaɓɓen gini ita ce duk abin da za a sauko da shi a sauko da shi kafin a rufe ƙofa. A ciki babu komai sai hanyar da na'ura ke magana da kanta. Saƙonni irin su `Could not resolve host` ko `Temporary failure in name resolution` ba matsalar DNS ɗinka ba ce, wani sashe na ginin ne ke ƙoƙarin fita waje.

Aikinka shi ne gano wane sashe. Meson yana da fayilolin `.wrap` a kundin `subprojects` da ke sauko da laburare idan bai same ta a tsarin ba, kuma `--wrap-mode=nodownload` zai hana shi, ya sa ya faɗi sunan abin da ya rasa. CMake yana da FetchContent, wanda ake tsayarwa da `-DFETCHCONTENT_FULLY_DISCONNECTED=ON`. Sassan da aka rubuta da Rust suna buƙatar `cargo vendor` tun daga waje, sannan `--offline` a ciki. Idan ma'ajiyar tana da ƙananan ma'ajiyoyi a maƙale, sai an ɗauko su da `git clone --recurse-submodules`. A kusan kowane hali, gyaran da ya dace shi ne ka ba ginin laburaren daga jerin buƙatunsa, ta yadda ba zai ji buƙatar saukowa ba.

Nix da Guix suna da ƙofa ɗaya da aka halatta: matakin ɗauko tushe wanda aka riga aka faɗi hash ɗin abin da zai dawo da shi, wato lambar shaida da ake lissafawa daga abin da ke cikinsa. Shi kaɗai ke samun intanet, domin in abin da ya zo ya saɓa wa hash ɗin za a ƙi shi. Abubuwa biyu sukan rikita mutane a nan. Na farko, in ka canza lambar siga ko adireshi amma ka bar tsohon hash, ana iya samun abu mai wannan hash a ma'ajiya a ba ka tsohuwar lambar tushe ba tare da an ce uffan ba. Sai ka yi ta mamakin me ya sa gyaranka bai bayyana ba. Ka sa hash na bogi, irin `lib.fakeHash`, ka bar ginin ya faɗi ya nuna maka na gaskiya. Na biyu, in kana bayan proxy, manhajar bayan fage ce ke saukowa, ba taminarka ba. Sa `https_proxy` a tamina bai isa ba, sai ka sa shi a sabis ɗin da `systemctl edit nix-daemon` ka sake tayar da shi. Haka nan idan cibiyar da kake aiki tana da nata satifiket na tsaro, sai an nuna wa daemon ɗin shi ta `NIX_SSL_CERT_FILE`.

Git ma yana da nasa. Sau da yawa ba a shigar da kundin `.git` cikin muhallin, don haka rubutun da ke neman lambar siga ta `git describe` zai faɗi ko ya ba da fanko. Idan kuwa an shigar da shi amma mallakin wani asusu ne daban, Git tun daga 2.35.2 yakan ƙi, a sababbin sigogi da saƙon `dubious ownership`. Ga masu amfani da flake na Nix: fayil ɗin da ba ka yi wa `git add` ba, ginin ba zai gan shi ba, ko da yana zaune a kundin.

## Mataki na 5: Fayilolin da ginin ya ɗauka suna nan

Wannan shi ne fagen da ya fi faɗi. Saƙon da ya fi yaudara shi ne `No such file or directory` a kan fayil ɗin da kake gani da idonka. Ba shi ne ya ɓace ba, abin da zai gudanar da shi ne babu. In rubutu ne, ka dubi layinsa na farko: `#!/usr/bin/env python3` ko `#!/bin/bash` ba za su yi aiki ba inda babu `/usr/bin` kwata-kwata. Nix yana samar da `/bin/sh` kaɗai, wanda galibi na busybox ne, saboda haka rubutun da ya ce `sh` amma yake amfani da salon bash zai karye. Ana gyara layukan da `patchShebangs`. Guix yana da matakin da ke yin haka da kansa, amma rubutun da aka ƙirƙira a tsakiyar gini, ko wanda aka dasa hanyarsa cikin lambar C, yakan kuɓuce masa. In kuwa fayil ɗin harhaɗaɗɗe ne, `readelf -l` zai nuna maka mai lodin da yake nema, galibi `/lib64/ld-linux-x86-64.so.2`, wanda babu shi a ciki.

`HOME` a Nix da Guix yana nuni ne ga `/homeless-shelter`, kundin da da gangan ba a ƙirƙira shi ba. Duk kayan aikin da ke son rubuta ma'ajiyar wucin gadi a gida zai faɗi. Gyaran layi ɗaya ne kafin matakin da ke buƙata: `export HOME=$(mktemp -d)`. Kada ka taɓa ƙirƙirar `/homeless-shelter` a tsarinka don ka shawo kan wannan.

Sai laburarori. Nix yana buƙatar Boost, da SQLite, da libcurl, da libsodium, da libarchive, da libseccomp, da wasu. Shi pacman yana buƙatar libarchive, da libcurl, da GPGME don sa hannu. Idan an ce ba a sami ɗaya ba, ka tambayi pkg-config daga cikin muhallin:

```
pkg-config --print-errors --modversion libarchive
```

Amsar takan bambanta da abin da ka zata. Wani lokaci laburaren tana nan amma sigarta ta tsufa. Wani lokaci fayil ɗinta na `.pc` yana ambaton wata laburare ta uku da ba a shigar ba. Wani lokaci kuma pkg-config ɗin ne kansa babu. A nan ne bambancin `nativeBuildInputs` da `buildInputs` yake da muhimmanci, ko `native-inputs` da `inputs` a Guix: kayan aikin da ake gudanarwa lokacin gini, irin su pkg-config da bison da meson, suna shiga na farko, laburarorin da za a haɗa da manhajar kuma na biyu. A Debian da Arch kuskuren yakan zo ta wata fuska: fakitin yana kan na'urarka tun tuni, shi ya sa ba wanda ya lura ba a rubuta shi a `Build-Depends` ko `makedepends` ba.

Mafi haɗari shi ne buƙatar da ba ta wajaba ba. Ginin ba zai faɗi ba, zai dai kashe wata dama shiru. Manajan fakitin da aka gina ba tare da tallafin tantance sa hannu ba zai yi kamar lafiyarsa ƙalau. Ka karanta taƙaitawar da matakin daidaitawa ke bugawa a ƙarshe, kuma a Meson ka sa `-Dauto_features=enabled` don duk abin da ya ɓace ya zama kuskure a fili.

Idan duk wannan bai nuna komai ba, `strace`, mai nuna duk abin da manhaja ta nema daga tsarin, shi ne alƙali:

```
strace -f -e trace=%file,%network -o /tmp/sawu umarnin-da-ya-faɗi
grep ENOENT /tmp/sawu | tail -40
```

Yawancin layukan bincike ne na yau da kullum, amma na kusa da ƙarshe sukan nuna abin da aka nema aka rasa: `/etc/protocols`, `/etc/services`, bayanan yankin lokaci, ko fayilolin harshe.

## Mataki na 6: RAM da wurin ajiya

Saƙon `Killed signal terminated program cc1plus`, ko lambar fita 137, yana nufin an kashe aikin da ƙarfi, kuma galibi kernel ne ya yi saboda RAM ta ƙare. `dmesg` zai tabbatar. Lambar C++ irin ta Nix da apt tana cin RAM sosai, don haka ka rage yawan ayyuka da `-j2`, ko `--cores 2 --max-jobs 1`. In an ce `No space left on device` alhali faifanka da sarari, ka duba `df -h /tmp`. A tsare-tsare da dama, har da Debian 13, `/tmp` a cikin RAM yake. Ka mayar da wurin gini kan faifai, kana tuna cewa daemon ne za ka gaya wa.

## Mataki na 7: Gwaje-gwaje

A nan halin manajan fakiti na musamman yake fitowa. An gama harhaɗawa lafiya, sai gwaji goma ko ashirin su faɗi. Kafin ka yanke hukunci, ka ware guda ɗaya ka gudanar da shi shi kaɗai: `meson test -C build --print-errorlogs` da sunansa, ko `make check TESTS=` da sunan fayil ɗin. Lambar fita 77 a Automake da Meson tana nufin an tsallake gwajin ne, ba faɗuwa ba ce.

Gwajin da ke son kafa nasa shinge zai yi aiki ne kawai idan na waje ya bar shi. Gwajin da ke son sa wa fayil alamar setuid zai gamu da `Operation not permitted` a Nix, domin Nix yana tace waɗannan kiraye-kiraye da seccomp da gangan, tare da na ƙarin sifofin fayil. Gwajin da ke neman sunan mai amfani a Nix zai tarar da `/etc/passwd` mai layi uku kacal. Sabon pacman, tun daga 7.0, yana killace saukowa da tsarin killacewa na Landlock, wanda ya shigo kernel a 5.13, saboda haka a tsohon kernel ko cikin kwantenar da ta toshe shi za ka ga ƙorafi a kan hakan.

Akwai biyu da ke da wuyar ganewa in ba ka taɓa jin labarinsu ba. Hanyar soket na Unix a Linux ba ta wuce baiti 108. Gwaje-gwajen manajan fakiti suna tayar da daemon na gwaji ko `gpg-agent`, kuma suna ajiye soket ɗinsu a cikin kundin gini. In kundin yana da dogon suna a can cikin zurfi, soket ɗin ba zai buɗu ba, saƙon kuma ba lallai ya ambaci tsawo ba. Ka gwada da gajeren `TMPDIR` da gajeren `GNUPGHOME`. Na biyun shi ne fakeroot, mai sa gini ya ɗauka da ikon root yake gudana, da ke maƙalewa cikin kwantena yana cin injin ba ya ci gaba. In `ulimit -n` ya nuna adadi sama da biliyan ɗaya, shi ne sanadi: ana bin lambobin fayil ɗaya bayan ɗaya ana rufewa. Ka tayar da kwantenar da `--ulimit nofile=1024:524288`.

Lokaci ma yana taka rawa. Fayilolin ma'ajiyar Nix duk suna ɗauke da daƙiƙa ɗaya bayan shigowar 1970, kuma `SOURCE_DATE_EPOCH`, kwanan watan da ake ba gini, na asali 315532800 ne, wato farkon 1980, saboda tsarin ZIP ba ya iya riƙe kwanan wata kafin wannan shekara. Gwajin da ke kwatanta tsufan fayiloli zai iya rikicewa. Tsohuwar siga kuma tana iya faɗuwa don makullin gwajin da ke cikinta ya ƙare wa'adi.

Idan ka tabbatar gwaji ba zai taɓa yiwuwa a cikin shinge ba, ka tsallake shi shi kaɗai, ka rubuta dalili a gefensa, sannan ka gudanar da shi a na'ura ta kama-da-wane. Kashe dukkan gwaje-gwaje da `doCheck = false` ko `nocheck` a kan manhajar da za ta riƙa girka abubuwa da ikon root sakaci ne babba.

Kashe killacewar kanta tana da amfani ɗaya: gwaji. Ka gina sau ɗaya da `--option sandbox false`, wanda sai kana cikin amintattun masu amfani daemon zai karɓa, ko `--enable-network` a mock. In ya wuce, ka tabbatar akwai abin da ake ɗauka daga waje, sai ka koma mataki na 4 da na 5. In ya faɗi a wuri ɗaya, matsalar tana cikin lambar tushe ko mai harhaɗawa, shingen ba shi da laifi. Ka mayar da killacewar nan take.

## Mataki na 8: Gwada abin da ka gina ba tare da taɓa tsarinka ba

Kada ka buga `sudo make install` ko `sudo ninja install` kai tsaye. Ka girka a gefe da `DESTDIR=/tmp/gwaji` ka dubi abin da aka zuba. Ka kuma duba hanyoyin da aka dasa a cikin manhajar. Autotools in ba a gaya masa ba yakan sa kundin bayanai a `/usr/local/var`, sai sabon manajan ya buɗe rumbu fanko ya ɗauka ba a taɓa girka komai ba. A Guix wannan yana da haɗari sosai, domin daemon ɗin da ke kallon rumbu fanko zai iya ɗaukar abin da ke ma'ajiya a matsayin shara. Shi ya sa ake daidaita shi da `./configure --localstatedir=/var --sysconfdir=/etc`, a kuma gudanar da shi ta `./pre-inst-env` ba tare da girkawa ba. A Meson, `meson configure build` zai nuna maka hanyoyin da aka zaɓa.

Ka ba sabon nasa filin. A pacman akwai `--root` da `--dbpath`, a dpkg `--root` da `--admindir`, a Nix `--store /tmp/gwaji-store`. Sabuwar siga tana iya ɗaga tsarin rumbun bayanai zuwa wanda tsohuwar ba za ta iya karantawa ba, don haka ka kwafi `/var/lib/pacman`, ko `/var/lib/dpkg`, ko `/nix/var/nix/db` kafin ka bar sabon ya kusance su.

Ka tuna kuma cewa a Nix da Guix daemon ne ke kafa shingen. In ka gyara lambar killacewa, ka harhaɗa, ka gudanar da sabon `nix`, amma yana magana da tsohon daemon, to gyaranka bai gudana ba ko sau ɗaya. `nix store info` yana nuna sigar daemon ɗin da kake magana da shi. A Guix sai ka tsayar da na tsarin, ka tayar da naka da `sudo -E ./pre-inst-env guix-daemon --build-users-group=guixbuild`.

Daga nan ka sake ginin a muhalli sabo fil, ba wanda ka yi ta taɓawa da hannu ba, domin gyaran da ka yi a cikin tamina bai shiga bayanin fakitin ba sai ka rubuta shi. In ya wuce, ka ƙara `--check` a `nix-build` ko `guix build` don a sake ginawa a kwatanta da na farko. Idan sakamakon biyu ya saɓa, ka haɗa da `-K` don a ajiye maka na biyun, ka ba `diffoscope` su duka. Zai nuna maka ainihin wurin da suka rabu, wanda galibi kwanan wata ne, ko sunan na'ura, ko jerin fayiloli da aka karanto ba tare da an tsara su ba.